Akwatin Bindigar Baba da Tokar Inna

Asabar ɗin da ta gabaci Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu, Baba ya faɗo gidanmu na Mitchellville, can ƙasar waje, rungume da wani tsohon akwatin fata, ko ƙofar mota bai rufe ba. Injiniya ne mai kamewa, amma ranar har rawa ya taka a falo. Kakansa maharbi ne a Dutsin-Ma, shi kuwa ba shi da abin so kamar tara tsofaffin bindigogin farauta masu baki biyu. Ba ya harbi da su. A kabad ɗin ƙarfe suke kulle, sai dai ya fito da su ya shafa ya mayar. Akwai wata ƙirar Ingila da ya fi ji da ita, ya daɗe yana cigiyar akwatinta na asali, sai ga shi ya samo a gwanjon kayan wani gida a Virginia. Da ya kwantar da bindigar a gurbinta ta zauna daram, lambarta ɗaya da ta takardar da ke manne a cikin murfin, ni da ƙanena muka yi ta tsalle muna ihu, alhali ba mu san me muke wa murna ba.

Kullum yana ce mana, "Tsohon kaya, dattinsa ne darajarsa." To, Inna mahaifiyarsa, da ta zo mana ziyara daga gida, ba ta san wannan karatu ba. A wurinta abin kunya ne Sallah ta riski gida da baƙin ƙarfe. Washegari da muka dawo daga Islamiyya tare da Baba, sai muka tarar da ita a bayan gida ta miƙe ƙafa, ta kwaso toka daga murhun gasa nama, ga lemun tsami, tana ta dirzar tagullar da ke kusurwoyin akwatin. Kusurwa biyu har sun yi fes suna walƙiya, ta kuma jiƙa tsumma za ta kankare takardar, wai ta ruɓe.

Wayyo! In takardar nan ta tafi, shi ke nan, babu sauran shaida cewa akwatin na bindigar ne. Baba kuwa bai taɓa ce wa Inna "bari" ba tunda aka haife shi. Ya durƙusa ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Ki rage mini ladan, in ƙarasa da kaina." Ta dube shi shekeke, sannan ta miƙa masa tsumman. "Ka dai dirza sosai, na san ka da son jiki." Muna shiga ɗaki ya zube a kujera yana dariya har da hawaye, ya ƙanƙame akwatin a ƙirji.

A taron masu tara bindigogi an ce masa gogewar ta rage wa akwatin daraja, ya yi kwanaki yana tsaki. Yanzu Inna ta rasu, Baba ya manyanta, ya rabu da bindigoginsa duka sai wannan. Duk jajibirin Sallah yakan zauna a bayan gida da toka da lemun tsami, ya dirji kusurwa biyun nan kawai, sauran ya bar su da baƙinsu. Iyakar inda hannun Inna ya tsaya, nan nasa yake tsayawa.