Yadda Dakta Ya Shugabanci Ajinmu na Asabar

Lokacin kullen korona muna zaune ne a unguwar Danau Kota a ƙasar Malay, can saman wani dogon bene, ni da maigidana da yaranmu biyu. Shi yana digirinsa na uku a wata jami'a da ke Jalan Semarak, amma tun da aka rufe gari sai falo ya zama ofishinsa, makarantar yara kuma ta koma cikin waya. A wannan zaman ne na ga abin da na daɗe ina kau da kai a kansa. In na kira 'yata cin abinci da harshen Malay take amsa mini, ƙaninta kuwa ko sunan ludayi bai sani ba.

Na yi wa maƙwabciyata ƙorafi, wata Bazazzagiya da muke kira Maman 'Yan Biyu. Ta ce nata ma haka suke. Sai muka shirya duk Asabar da hantsi mu haɗa yaran a kiran bidiyo, a yi gaisuwa da tatsuniya, kowa ya ɗauko wani abu daga kicin ya faɗi sunansa. Ba mu sa wa abin suna ba. Kafin a jima matan Hausawan unguwar Sri Petaling suka shigo da nasu. Hayaniya ce kawai da dariya, amma yaran da kansu suke tuna mana Asabar ta zo.

Cikin matan da suka shigo har da matar wani ɗalibi da muke kira Dakta. Ba a ba shi digirin ba tukuna, shi ne dai ya fara kiran kansa haka, muka bi shi don a zauna lafiya. Bincikensa a kan ilimin 'yan asalin ƙasa ne da koyarwa da harshen uwa, kuma ba ka minti biyar da shi bai gaya maka ba. Da ya leƙa wayar matarsa ya ga abin da muke yi, bai kira mu ba. Mazanmu ya kira.

Maigidana ya same ni ina wankin shinkafa, ya ce, "Dakta ya yaba muku ƙwarai. Ya ce sai dai abin naku ba shi da shugabanci."

Na ce, "Tatsuniyar ce take neman shugaba?"

Ya ce, "Ki dai bari, fanninsa ne."

Cikin mako guda aka kafa kwamiti. Dakta ne shugaba, akwai mataimaki, akwai sakatare, har da mai hulɗa da ƙasashen waje. Duk maza ne, kuma babu wanda ya taɓa zama da yaran ko sau ɗaya. Ni da Maman 'Yan Biyu aka ce mu ne "iyaye masu taimakawa". Aka raɗa wa ajin suna da Turanci, mai tsawon da sai an ja numfashi a tsakiya.

Sai bikin ƙaddamarwa, shi ma ta bidiyo. Aka ce a sa wa yara kayan gida, a zaunar da su gaban kyamara. Na ɗaura wa 'yata ɗankwali, na sa wa ƙaninta hular da ta yi masa yawa. Dakta ya gayyato malaman jami'a daga wurare, ya fito cikin babbar riga, ya kashe wa kowa murya ban da kansa. Ya yi jawabi a kan mutuwar harsuna, tun daga farko har ƙarshe da Turanci. Ya yi ta ambaton Orang Asli, wato 'yan asalin ƙasar nan, yana kiran su 'yan'uwansa a gwagwarmaya, alhali matarsa ta taɓa gaya mana bai taɓa taka ƙauyensu ba, a takardu kawai ya san su. Yaran sun yi kwana da kwanaki suna koyon waƙar da za su rera. Da aka zo kansu, Dakta ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure, a ɗauki hoto kawai. Ɗana ya riga ya yi barci, hular ta rufe masa ido.

Washegari sanarwa ta fito cewa a dakatar da darasi har sai kwamiti ya gama tsara manhaja, don kada a koyar da yara "ba bisa ƙa'ida ba". Maman 'Yan Biyu ta kira shi da kanta.

"Dakta, kafin manhajar ta fito, ba ma ci gaba da 'yar tatsuniyarmu ba?"

Ya ce, "Hajiya, wannan harka ce ta ilimi. Ku yi haƙuri, masana suna aiki."

Masana suka yi ta aiki har aka sassauta kulle, aka sake rufewa, aka sake buɗewa. Manhaja ba ta fito ba. Shi kuwa Dakta kasuwarsa ta buɗe. Yau yana wannan taro, gobe yana wancan, duk daga falonsa, yana nuna hoton yaranmu yana bayanin makarantar da ya kafa a ƙasar waje.

Da muka gaji muka koma ajinmu ba tare da neman izinin kowa ba. Amma yara da yawa sun ƙi dawowa. Da an ce Hausa sai su tuna zaman nan na kayan gida da rufe baki. Da ƙyar muka lallaso kaɗan, muka koma haɗuwa a filin wasan da ke ƙasan benenmu, kowa da takunkuminsa.

Da aka buɗe iyakoki Dakta ya kare bincikensa, ya samu aikin ba da shawara kan koyarwa da harshen uwa can gida ƙasarmu. Aka yi masa walimar bankwana a wani mamak, gidan abincin da mazanmu suke shan shayi. Ya tashi ya yi mana nasiha, ya ce ya bar mana amana, mu riƙa turo masa hotuna duk wata don ya san halin da makarantarsa take ciki.

Maman 'Yan Biyu ta ce, "To, Dakta, Allah ya kiyaye hanya." Ta juya ta ce wa mai kawo abinci ya ƙulle mata sauran gurasar roti, yara suna jira a gida.