Akushi Mai Launi Uku

Maigidana masassaƙi ne, haka ubansa, haka kakansa, kuma a Gagarawa babu gidan da ba a ci tuwo a baƙin akushinsu ba. Ana nan, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, sai langa ta shigo kasuwa, mai fure ja da kore. Mata suka rikice. Akusanmu suka yi ta kwantai a rumfa, shi kuwa ya shiga ramewa, don yana ganin sana'ar gidansu a hannunsa za ta mutu.

Wata ranar kasuwar Maigatari ya dawo yana ta zumuɗi. Wai ya ga wuƙa a hannun wani Badamagare, ƙotarta zane-zane, itace rinanne hawa-hawa an manne.

"Launi suke so, ko? To, za su ga launi!"

Na ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Ban ƙara ba, don in ya hau dokin zuciya ba ya jin kira.

Ya je Gumel wani kafinta ya yanka masa aduwa fale-fale da zarto. Wasu ya kai karofi aka tsoma a baba, wasu ya dafa da karan dafi suka yi ja, sauran ya jiƙa da rawaya. Tukunyar miyata ce ta sha wannan wahalar, har yau ban yafe ba. Ya dama ƙaro ya shafe su, ya jera, ya danne da dutsen niƙana har suka kame, sannan ya sa gizago ya fafe. Gaskiya abin ya yi kyau. Ni da nake ta ƙunƙuni sai da na shafa.

Aka yi suna a gidan dagacinmu, maigida ya kai masa akushin kyauta. Ina cikin masu girki a ranar, da hannuna na zuba tuwon dawa da miyar kuka tana tururi, aka fita da shi zaure. Abin da ya faru a can, maigida ne ya ba ni labari. Fadawa suka yi ta koɗa akushin, wani ma har ya rantse ko a Kano babu irinsa. Dagaci ya ɗaga shi sama don baƙi su gani da kyau. Ashe zafin miya ya narkar da ƙaron. Gindin ya zauna a cinyarsa da tuwon, bakin ya rage a hannunsa kamar gammo, miya mai shuɗi ta bi farar rigarsa.

 Kowa a zauren na jiran ya ga inda fuskar dagaci za ta nufa kafin ya san ra'ayinsa.

Dagaci ba ya son a ce an ba shi abin banza ya yaba. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Wane mara hankali ne ya zuba abinci a wannan? Ai kayan ado ne." Nan take fadawa suka ce wallahi su ma tun farko sun lura. Mara hankalin kuwa ni ce.

Dagaci ya ba da umarni a yi masa wasu don ɗakunan matansa. Maigida ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, zan nemo abin manni mai jure zafi."

"Kar ka wahalar da kanka. Ba sai ka zurfafa cikin ba ma, wa zai ci a ciki?"

Da aka ji matan dagaci sun jera, kowace amarya sai ta ce ita ma a sa mata a jere. Ciniki ya buɗe, muka samu rufin asiri, na yi ta murna ina tsokanarsa da sarkin ado. Wata rana na kai masa ruwa rumfa, na tarar yana goge wani, shafal kamar faifai, ko loma ba zai riƙe ba. Na sake tsokanarsa, bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ke, ubana gari yake ciyarwa. Ni bango nake yi wa aiki."

Tausayinsa ya kama ni, ban sake kiransa da sunan nan ba.