Hanyar Keke

Da Inna ta rasu, ni na je ƙauyenmu da ke kusa da Gecheme na ɗauko autarmu. Na zo da ita gidana a Dogon Dutsi, ita da kekunanta biyu: keken ɗinki na hannu, da keke mai ƙafa uku da take tuƙawa da hannu. Tun tana ƙarama shan inna ya kama ta. Kakarmu har ta bar duniya tana cewa doguwa ce ta sha ƙafafun. Ni da na yi karatu har kwaleji na san abin da likita ya ce, amma ban taɓa yi wa tsohuwa musu ba. Ƙafafun dai ba su sake ɗaukar ta ba. In ta sauka daga keke, silifa take sawa a hannu ta ja jiki.

Bakinta kuwa babu abin da ya same shi. Ranar da muka iso, maigidana ya ce mata ta saki jiki, nan ma gida ne. Ta dube shi ta ce, "Malam, jikin nan ai tun ina goye yake a sake." Ya yi dariya har da tari, kuma tun daga nan suke tsokanar juna.

A ƙauye kowa ya san ta. Rumfarta ba ta rabuwa da mata, wannan ta kawo atamfa, waccan ta zo hira. A gidana kuwa sai bango. Ta ɗinke kayan yarana, ta ɗinke labulaye, har tsummokaran da nake goge tukunya ta yi musu baki. Daga nan ta fara zama tana kallon ƙofa. Ni kuma in na gan ta haka sai in kasa zama, in shiga ɗaki in fito ban san abin da na je ɗauka ba.

A gidan suna Allah ya kawo hanya. Wata Hajiya mai shagon ɗinki kusa da kasuwa ta kama bakin rigata, ta juya shi ciki, ta bi ɗinkin da farce. Ta tambaye ni wa ya yi. Na faɗa mata, na kuma faɗa mata halin da ƙanwata take ciki. Ta ce, "Da ƙafa ta ɗinka ko da hannu? Kawo mini ita."

Duk wanda ya san garinmu ya san yadda ruwa yake gangarowa daga tudu da damina, ya bi titi da ƙarfi. Shi ya sa ake ɗaga shaguna. Na Hajiya ya fi na maƙwabta tsayi, don an ce ruwa ya taɓa shiga ya ɓata mata kayan mutane. Matakalarsa ko mai ƙafa sai ya dafa gwiwa. Daura da shagon kuma akwai mai shayi, benci cike da maza daga safe har rana ta take.

Ranar farko teloli biyu mata suka sauko za su ɗaga ta. Ta ce, "Ku sake ni, ni ba buhun wake ba ce." Za ta iya hawa da hannu, na sha ganin ta hau abin da ya fi wannan. Amma ta kalli mazan da ke benci, ta kalli zanenta, ta ce ba ta hawa. Sai Hajiya ta sa aka shimfiɗa tabarma a rumfa, gindin matakala, aka kawo ɗan gajeren tebur aka aza keken ɗinki. Ta ce, "Nan ma ya fi ciki iska." Dukanmu muka ji daɗi. Na koma gida ina hamdala.

Ba a daɗe ba ta fara dawowa shiru. In na tambaya sai ta ce gajiya ce. Malam ya tsokane ta, ta ba shi amsa guntuwa. Na riƙa leƙa ƙofa tun kafin la'asar, ina sauraren ƙarar sarƙar kekenta.

Wata Jumma'a, ranar kasuwa kuma ranar sadaka, ta shigo tun ba a yi kiran salla ba. Ta tsaya tsakar gida, ta zazzage silifarta ta hannu a kan tabarma. Wani ɗan kwabo ya faɗo ya mirgina ƙarƙashin turmi.

"Yaya, in mace ta zo na ce mata sannu da zuwa, kin san mi take ce mini?"

Na ce a'a.

"Allah shi ba da hanƙuri. Ko kallona ba ta yi, ta wuce ta hau. Ga keke gabana ina juyawa, ga zare a bakina, ga rigar da ta zo amsa a cinyata. Allah shi ba da hanƙuri!"

Na ce ko kuskure ne na mutum ɗaya.

"Kullum ne. Yau wani ya jefa mini wannan a takalmi, ya ce in yi mishi addu'a zai sai da rago. Har makahon da ke zama bakin kwana ya aiko a ce mini na tare mishi wuri." Ta yi wata dariya mara daɗi. "A tahi a ɗauko mini kekena na ɗinki. Na bar aikin."

Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Na ƙona tuwo. Na tsaya salla na rasa raka'ar da nake. Abin da ya fi damuna, na rasa da wa zan yi fushi. Mutanen nan lada suke nema. Tun muna yara haka aka koya mana, in ka ga gurgu zaune bakin ƙofa ka ba shi, in ba ka da shi ka ba shi haƙuri da kyakkyawar magana. Ni kaina haka nake yi. Ga shi kyakkyawar maganar ce ta kore mini ƙanwa daga sana'arta.

Malam ya ce, "Ki bar ta ta zauna gida mana. Ci ta rasa ko sha?"

Ni dai ban aika a ɗauko keken ɗinkin ba. Na san in ya dawo ɗakin nan, shi da mai shi ba za su sake ganin titi ba. Kullum da safe sai ta tambaya daga bayan labule, "An ɗauko?" Ni kuma in ce ban sami ɗan aike ba, in yi istigfari a zuci.

Da na ga ƙaryar tana yawa, na yafa mayafi na tafi wajen Hajiya. Na same ta a ciki tana yanka shadda. Bayan gaisuwa na kwashe labari na faɗa mata.

Ta ajiye almakashi. "Yo ɗiyata, sadaka zagi ce? Ni in an ba ni amsa nake."

Na ce, "Hajiya, ke wa ya taɓa ba ki sadaka a ƙofar shagonki?"

"To mi kuke so in yi? In rushe gini?"

"A'a. A yi mata hanyar da za ta hau da keke, ta zauna ciki inda teloli suke zama."

"Ruwa fa? Ki jawo mini ruwa cikin kayan mutane?"

Na ce ai ƙofar ba sauka za ta yi ba, tana nan inda take. Ta kalli tulin atamfofin da ke jiran ɗinki, ga salla ta matso. Ta ce hannun yarinyar nan ba ta da irinsa a shagon. Nan take ta ɗauki waya ta kira magini. Da kunnena na ji ta ce, "Ka zo ka yi mini hanyar keke a bakin shago." Na yi ta godiya har ta ce ya isa.

Shawo kan Auta ya fi wuya. Sai da aka aiko cewa siminti ya bushe sannan ta yarda, shi ma da sharaɗi. "In na je na iske tabarma a waje, kar ki sake yi mini zancen nan har abada."

Muka fita da safe. Tana tuƙi, ina biye, in yashi ya riƙe ta in tura. Ta sa tef ɗin awo a wuya kamar kullum. Ni kuwa ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Tun daga nesa na hango magini tsaye bakin shago da hannu a ƙugu, ya zo a yaba aikinsa. Da muka matso sai na ga aikin. Hanyar tana nan, sumul, a tsakiyar matakala, faɗinta bai wuce tafin hannu da ɗan ƙari ba. Irin wadda ke ƙofar kowane gida a garin nan, wadda ake tura moto, wato babur, a kanta a shigar zaure.

Magini ya ce, "Ku duba." Ya ɗauko kekensa na hawa, ya tura shi sama, ya sauko da shi. "Ko yaro ya iya."

Auta ta matso da kekenta. Ta murza hannu, ƙafar gaba ta hau siminti, na baya biyu suka daki matakala suka tsaya cak.

"Malam magini," ta ce, "ƙafa ɗaya ta hau. Sauran biyun su jira nan, ko su koma gida?"

Mazan benci suka kwashe da dariya. Hajiya ta fito tana tambayar lafiya. Magini ya cire hula ya sosa kai. "Hajiya, keke kika ce. Ni har na tsaya tunani ko na ɗinki kike nufi, na ga shi ba a tura shi, sai na yi ta na hawa."

"Yo wannan ba keke ba ne?"

"Keke ne. Amma da kin ce na guragu."

Suka hau musu, kowa da gaskiyarsa. Ni da na ji wayar da kunnena ban ga laifin maganar ba a lokacin. Mu duka mun san keken da muke nufi, shi ma ya san nasa, ba wanda ya ce a kira mai hawan.

Ina cikin wannan tunani na ga Auta ta ja baya ta fara juya keke ya fuskanci gida. Na riƙe ƙarfen baya. Ta ce a hankali, "Sake ni, Yaya. Mun yi sharaɗi." Tabarmar kuwa ga ta nan jingine a gindin matakala. Na ƙi saki.

Daidai nan wata mata ta taho da ƙunshin atamfa a hammata. Ta ga gurguwa a ƙofa, ta ga hannunta a miƙe, don a miƙe yake tana ture nawa. Ko tsayawa ba ta yi ba, ta ce, "Allah shi ba da hanƙuri, baiwar Allah," ta raɓa za ta hau.

Hajiya kullum a ciki take, ba ta taɓa ganin abin da idonta ba. Na ga fuskarta ta sauya. Ta tare ƙofa da jikinta.

"Wa kike ba hanƙuri? Tela ce! Telata ce! Rigar da ke jikinki wa kike zaton ya ɗinka ta?"

Matar ta daburce, ta dubi rigarta, ta dubi Auta, ta shiga neman gafara. Hajiya ta juya kan magini. "Ka fasa wannan. Ka tambaye ta yadda take so, ita za ta hau."

Auta ta dubi magini. Can ta zare awo daga wuya ta miƙa masa ba tare da ta dube ni ba. "Auna daga wannan ƙafa zuwa waccan, ka ƙara. Kuma ka kwantar da ita ta bi bango, in ka miƙe ta tsaye da baya zan sauko." Ya tsuguna yana awo, yana cewa to, to. Sai a lokacin na saki ƙarfen, na ga ya yi mini sawu a tafi.

Ranar da sabuwar hanyar ta bushe ban bar ta ta tafi ita kaɗai ba, ko da ta ce in zauna. Ta hau a hankali, jijiyoyin wuyanta a tashe. A bakin ƙofa keken ya goga, sai da aka buɗe ɗaya murfin ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta shige. Teburinta na gindin taga, tsakanin telolin nan biyu da suka so ɗaga ta. Ɗayar ta ce, "Maraba da buhun wake." Auta ta ce, "Matsa, kin tare mini haske."

Tana nan har yanzu. Damina ta zo ta wuce, ruwa bai shiga ba. Tsofaffi ma ta hanyar suke bi, sun bar matakala.

Sai dai na lura gorar ruwan da nake cika mata da safe a cike take dawowa, ko da zafi. Da na matsa, ta ce bayin shagon a baya yake, shi ma a ɗage, ƙofarsa kuma matsattsiya. Ta ce in bar zancen, ba ta son a ce ta cika fitina.

Na kasa bari. Na koma zuwa gaida Hajiya, yau da ɗan dambu, gobe da fura. Ta gane ni. Jiya da ta hango ni tafe, tun kafin in yi sallama ta ajiye almakashi ta ce, "Ɗiyata, yau kuma hanyar mi?"

Na ce ta kira magini, amma kar ta faɗa masa komai a waya. Ya zo tukuna.