Gwaggon marasa dangin uba

Jiya a wani biki a garin Parakou na ji an ce, "Ina dangin uban amarya?" Sai na waiwaya ina neman tsohuwar nan tamu ta Djougou, alhali ta daɗe a ƙasa.

Mahaifina Bafaranshe ne. Ya koma ƙasarsu da juyin juya halin gurguzu ya zo ƙasarmu, lokacin da kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Mu 'yan ruwa biyu muka tashi ba gwaggo ba baffa. Tsohuwar nan da wasu mata huɗu suka ɗauki nauyin, don Allah kawai: ko suna ko aure, su ne dangin ubanmu.

Ranar ƙunshina wata daga gidan ango ta shafa gashina ta ce, "Wa zai kai ta ɗaki? Ko sai mun aika Faransa?" Aka kwashe da dariya. Tsohuwar ta miƙe, hannunta duk lalle, tana ƙanshin man kaɗanya. "Ni ce gwaggonta. Mai magana ta yi da ni."

Amaryar jiya ma ruwa biyu ce. Da aka nemi dangin ubanta, ba wadda ta amsa. Ni ma ban tashi ba.

Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo, ya yafe mini zaman da na yi.