Nababa, Mai Kai Makaho Yawon Fadar Sikotland

Da zarar an idar da sallar Asuba a unguwar Aziziya ta birnin Doha, Nababa zai ɗaga Baba Wahid, mahaifin kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya kawo shi aiki, ya yi masa wanka, ya ɗora shi a keken guragu. Direba aka ɗauko shi daga Gusau, sai ga shi ya ƙare da jinyar tsoho makaho, kuma bai taɓa yin tsaki ba.

Baba Wahid ya yi karatu a Sikotland yana saurayi, ransa ya maƙale wa wata tsohuwar fadar dutse a bakin tafki, wadda yanzu baƙi ke shiga kallo. Duk bazara can iyalinsa ke kai shi. Da ido ya tafi, Nababa ya zama idon. Ya bi masu yi wa baƙi bayani har ya haddace tarihin: yadda dangi biyu suka yi ta kashe juna a kanta, aka cinna mata wuta, jikoki suka sake ginawa. Amma fa irin ta mutanen Zamfara yake bayarwa da Larabcinsa na kasuwa, kowane mai fadar sai ya yi masa kirari. Matar gidan ta ce ba ta taɓa jin tsohon yana dariya haka ba.

Bara likita ya hana tafiya. Tsoho ya juya wa bango fuska, ya daina cin abinci, 'ya'ya suka rasa ta yi. Kai ne, Nababa, ka tura kekensa tsakar gida cikin zafin Doha, ka ce an iso fada. Ka ɗora tafinsa a katanga, ka ce ga inda wuta ta lasa. Ka ce ƙofar kurkuku gajera ce, ya sunkuya. Wallahi sai ya sunkuya.

Can ya kama hannunka. "Na san a gida muke, ɗana. Yalla, mu je, kai ni bene."

Ranar ya ci shinkafa, har yau kuma yana ci.

Wata mai zuwa za ka koma gida da ciwon baya, ba lambar yabo. Mun gode, Nababa, Allah Ya ba ka mai tura ka. Mu da ke da tsofaffi a ɗaka, mu tashi mu tambaye su inda ransu ke son zuwa.