Kwanon Yaya Nasiru

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Nasiru makwancinsa a nan Illela. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin ni ba mutumin alƙalami ba ne. Wake da gero nake saye ina sayarwa tsakanin nan da Kwanni, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Bana dai na ga shiru ba zai yi ba, saboda sunansa ya dawo bakin mutanen gidanmu, kuma ba da alheri ya dawo ba.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne na farko a zuriyarmu da ya taka jami'a, injiniya yake karantawa a Sakkwato. Ranar da zai tafi, mahaifinmu ya zaga da shi gida-gida yana sallama, kamar mai shirin aikin hajji. A shekararsa ta uku abokansa biyu suka kawo shi gida a motar haya. Bai yi ihu ba, bai jefi kowa ba, bai yaga riga ba. Ya dai rame, ya daina wanka, ya daina magana, ya zauna yana kallon bango daga safe har rana ta faɗi.

Gari bai ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci. Wasu suka ce karatu ne ya taɓa shi, wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka tsallaka iyaka da shi wurin duk wanda aka ji labarinsa. Mahaifinmu ya kulle littattafansa a akwati, ya rantse babu ɗansa da zai sake zuwa inda aka lalata masa wannan. Haka ni na tsinci kaina a kasuwa ina ɗinkin bakin buhu. Ba na kuka da hakan, kasuwa ta karɓe ni. Amma shi ba kasuwa ya nufa ba.

Sai da shekaru suka shuɗe kafin wata 'yar uwarmu mai aikin jinya ta matsa aka kai shi asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa. Likita ya saurare shi, ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, sananne ne, kuma yana da magani. Kafin damina ta zagayo, Yaya ya miƙe, yana wanka, yana zuwa masallaci, yana tsokanar Inna. Likitan ya faɗi wata magana da ta zauna wa mahaifinmu a maƙoshi har ya mutu: da tun a zangon da abin ya fara aka kawo shi, da wuya ya rasa karatunsa. A lokacin kuwa gurbinsa ya daɗe da tafiya, abokan ajinsa sun fara aiki.

Ya koma noman albasa a wani fili da muke da shi wajen Garu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu, bai bar shan maganinsa ba, bai taɓa cutar kowa ba. Duk da haka har ya koma ga Allah akwai masu ɗaga murya idan za su gaishe shi, suna jan magana a hankali kamar da kurma suke yi. Yana lura. Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya kwana biyu bai fito ba.

Sau ɗaya ya ba ni labarin yadda abin ya fara, muna tafiya gona. Su huɗu ne a ɗakinsu na makaranta, tukunya ɗaya, kwano ɗaya. Sai ya faɗi wani kwas, faɗuwar farko a rayuwarsa. Bai iya gaya wa gida ba, tunda duk unguwa an san injiniya ake jira. Bai iya zama cikin abokansa suna raha ba. Idan an sauke abinci sai ya ce ya ƙoshi. Daga nan ya koma sayen burodi yana ci a bayan ɗakin karatu shi kaɗai, daga baya burodin ma ya gagara.

Ya ce da ni: "Sahabi, kowa na ce mini lahiya, ni ko in ce lahiya lau. Wa ka amsa gaisuwa da gaskiya? Da dai wani ya lura hannuna ya bar kwano, da an kama abin tun yana ƙarami."

Daga wannan ne ya ɗauko al'adar da aka san shi da ita. Yana da wani babban kwano na ƙarfe mai fenti, irin na da, bakinsa duk ya ɓaɓɓalle. Idan ɗalibai sun dawo hutu, da azahar matarsa za ta cika shi da shinkafa da wake ko dambu, ya fito da shi zaure, ya aika a kira su. Akwai iyayen da suka hana 'ya'yansu zuwa, wai kada su kwaso abin da ya kwaso. Waɗanda suka zo kuwa sun sha tsokana. "Likita, matso, ba allura za a yi maka ba. Lauya, wanke hannu, nan ba a jayayya da tuwo." Ba ya wa'azi. Ci yake yi yana kallon hannaye. Wanda ya ga yana tsakura, ko ya ja baya tun kwano bai yi rabi ba, bayan la'asar sai ya ce ya raka shi gona. Tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Can makaranta, da wa kaka ci?"

Na tsinci kaɗan daga abin da yake gaya musu. Yakan ce su kwanta idan dare ya yi, domin kan da bai yi barci ba ƙarya yake faɗa wa mai shi. Yakan ce su fita su taka ƙasa ko ba su da inda za su. Yakan ce kowa ya sami mutum ɗaya tak da zai iya gaya wa ya faɗi jarabawa a ranar da ya faɗi. Idan yaro ya ce karatu ya taru masa, sai ya nuna ni ya ce su je su ga yadda ƙanensa ke sauke babbar mota, ai ba ya rungumar ta, buhu ɗaya ake ɗorawa a ka. Kuma bai taɓa raba addu'a da asibiti ba. Ya ce shi ya yi shekaru da ɗaya babu ɗaya, ya san abin da hakan ya ci masa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga ɗaliban yau. Ina ganin zai fara da tausayi. A zamaninsu talauci ne ya tilasta musu tukunya ɗaya, talaucin ya zama musu gata ba su sani ba. Yau uba yana tura kuɗin abinci ta waya, yaro ya sayi taliya 'yar leda, ya dafa, ya ci a kan katifa fuskarsa a waya, ɗan ɗakinsu na can gefe shi ma da tasa. Yaro zai yi zango guda babu wanda ya san ko yana ci. Ga yajin aiki da ke mayar da su gida su zauna har su manta abin da suka je nema. Ga iyaye da rufe iyaka ya karya wa kasuwa, kowane kira sai sun tuna wa yaro shi ne begen gida. Ga ƙwayoyi da cacar waya suna jiran duk wanda ya rasa barci. Ni mai sayar da wake na san buhun da ƙwari suka cinye yana tsaye ƙyam kamar sauran, sai ka soka ƙarfe ka ga gari ya zubo. Mu iyaye tsayuwar buhu muke kallo.

Ban san a gidana zan gani ba. Bashar, ɗana na biyu, yana shekara ta uku a jami'a. Hutun da ya wuce ya dawo a rame, na ce wahalar makaranta ce. A gidanmu maza a zaure muke ci tare. Rana ta farko ya ce kansa na ciwo. Ta biyu ya ce a kai masa nasa ɗaki. Uwarsa ce ta tare ni da kwanon a hannu, ta buɗe ta nuna mini, ko cokali bai shiga ba. Na tsaya ina kallon abincin nan, sai na ji kamar Yaya ne ya dafa kafaɗata.

Washegari da azahar na rufe shago, na ɗauki nawa abincin na shiga ɗakinsa na zauna a ƙasa. Ban ce masa lafiya ba.

"Bashar, can makaranta da wa kaka ci?"

Ya dubi abincin da na ajiye. Sannan ya ce, "Ni ɗai, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da sakamako ya hito." Ya sunkuyar da kai. "Kwas biyu na hwaɗi. Ba ni iya kwana, ba ni iya karatu. In na buɗe littahi sai in ga kamar ba ni taɓa ganin shi ba. Baba, ina jin ni ba ni da wani amfani."

Na ce ya sa hannu tukuna, magana ta biyo baya. Ya ci loma kaɗan. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana tauna kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Magana ba ta ɓuya a babban gida. Kafin mako ya zagayo Baffa Alu, ƙanen mahaifinmu, ya aiko in zo. Dattijo ne da nake girmamawa, kuma shi ne ya yi ta yawo da Yaya wurin masu magani a wancan lokaci, da jikinsa da aljihunsa. Ba mugunta ce ta sa shi magana ba, tsoro ne.

Ya ce, "Sahabi, mi kaka jira? Ka hidda yaron ga daga makarantar nan tun bai koma Nasiru ba. Ga shago, ga mota, ka aza shi bisa hanyar Kwanni. Abin ga cikin jini yake, boko ka tada shi."

Na ce, "Baffa, Allah shi ƙara girma. Yaya Nasiru an hidda shi, an kulle littattahhai. Ya warke?"

Sai ya ce, "In ka kai shi asibitin can, gari duk za ya ji. Wa za ya ba shi mata?"

Na ce, "Su ji. Ni na ga abin da ɓoyo ya saya muna, ba ni sake sayen shi."

Ban yi masa rashin kunya ba, amma ban janye ba. Na kai Bashar wurin likita da rana tsaka, a motata, ta bakin kasuwa. Likita ya ce irin ciwon ne, amma an zo da wuri. Ya ɗora shi a kan magani, ya sa masa ranakun zuwa su zauna su yi magana, ya ce komawa makaranta ta fi masa zaman gida muddin akwai masu lura da shi. Da aka koma makaranta ni na kai shi da kaina. Na nemi 'yan ɗakinsu, samari uku, na gaya musu gaskiya a gabansa da yardarsa. Sannan na yi abin da na iya. Na daina tura kuɗin abinci ta waya. Shinkafa da wake da mai nake aikawa a mota, kuma ba Bashar nake aika wa ba, ɗakin nake aika wa. Sharaɗina ɗaya ne, tukunya ɗaya. Na je wurin matar Yaya na roƙi tsohon kwanon nan, ta ciro shi daga ƙarƙashin gado ta wanke, tana kuka ta miƙo mini.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce komai ya daidaita ba. Akwai makon da muryarsa ke fitowa sarai, akwai makon da sai na kira ɗan ɗakinsu kafin in san yana nan. Kwasa-kwasan nan biyu suna gabansa, bai rubuta su ba tukuna. A unguwa an fara cewa ciwon gidansu ne ya motsa, na ga wani ma ya gaishe shi da ɗaga murya ranar da ya zo ganin uwarsa. Baffa kuma duk ranar kasuwa sai ya biyo ta shagona, ya dubi bencin da babu kowa a kai, ya ce, "Har yanzu wurin Bashar na nan dai ko?" Nakan ce yana nan, Baffa, amma ba yanzu ba.

Idan na auna abin da Yaya Nasiru ya bari, ba shi da yawa a ido. Bai zama injiniya ba. Filin albasa an raba. Gari ya riƙe sunansa a matsayin abin da ake tsorata yara da shi, kuma ban ga alamar za a daina ba. Amma akwai malamin makaranta a Lafani da ma'aikacin lafiya a Tozai da suka zo ta'aziyyarsa suka zauna suna kuka kamar 'ya'yan cikinsa, sai daga baya na gane duk sun taɓa raka shi gona bayan la'asar.

Ni abin da ya bar mini tambaya ce, kuma kullum bayan azahar nakan ɗaga waya in yi wa Bashar ita. Wata rana amsar shiru ce, in wuni a shago ban san abin da nake aunawa ba. Jiya da na kira, kafin Bashar ya amsa na jiyo ƙarar cokula a jikin ƙarfe, da wata murya tana cewa, "Malam, ka aje wayar nan ka sa hannu, ko mu cinye rabonka." Ban san ko zai gama karatun ba, wannan yana wurin Allah. Na dai san kwanon Yaya babba ne, mutum ɗaya ba ya iya zama a gabansa shi kaɗai.

Allah ya jiƙan Nasiru, ya ba shi hutun da bai samu a bakin mutane ba.