Ka Gama Gyara, Ka Bar Mini Kunnawa

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, sha biyu ga watan Yuni, labari ya iso layinmu cewa Allah Ya yi maka rasuwa, Baba Sai-an-buɗe, mai gyaran kwamfuta. Ina kan keken ɗinki na ɗaga kai, na ga ƙofar shagonka a rufe.

Mu muka laƙaba maka sunan nan. Duk wanda ya tambayi abin da ke damun kwamfutarsa, amsarka ɗaya ce: "Sai an buɗe." Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Da na hango ka kwance murfi, sai in ajiye almakashi in tsallako in tsaya maka a ka. Ba ka taɓa korata ba, iyaka ka ce in matsa, na tare maka haske.

Da tsohuwar kwamfutata ta fara nauyi, ka ce babban allon cikinta ne ya tsufa, madabod, wanda komai ke jone a jikinsa, sai an sauya shi. Na daɗe ina jan ƙafa. A cikinta muryar marigayiya Inna take, wadda ƙanwata ta naɗa, kuma ba mu da ita a ko'ina sai nan. Na tambaye ka, idan an cire allon, ina muryar za ta tafi? Ka yi dariya, ka nuna mini wani ɗan akwatin ƙarfe a gefe. "Tela, Inna tana nan ciki. Ba abin da zai taɓa ta." Na gyaɗa kai, na bar maka ita, amma raina bai kwanta ba.

Kana da wata ɗabi'a da muke yi maka tsiya a kanta. In ka sauya allo, ba ka kunna kwamfuta sai mai ita ya zo ya danna da yatsansa. Ko ta tashi ko ta ƙi, a gabansa za a yi. Na sha tambayar dalili, kana cewa sai wata rana.

Bayan an share makoki, maiɗakinka ta buɗe shagon ta aiko a kira ni. Kwamfutata na kan teburinka, tsohon allon a gefenta, nannaɗe cikin takarda. Ta ce, "Ya gama taka tun ranar Talata. Ya ce kada kowa ya taɓa, a jira ka."

Na sa yatsa na danna. Fanka ta juya, na ji ƙara sau ɗaya, wadda ka koya mini cewa alamar lafiya ce. Na lalubo muryar. Sai ga Inna a cikin shagonka, tana yi wa ƙanwata faɗa ta daina nuna ta da waya. Na yi kuka, Baba, kukan mutum biyu. Na juya in ce maka ta tashi, kujerarka ba kowa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Ga maiɗakinka da 'ya'yanka da dukkan dangi, Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, mu ma Ya ba mu. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.